Kujerar Kansila: Yadda Ake Hawanta, da Abin da Ake Yi a Kanta

Muna gaida mutanen Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, muna gaida na Kebbe da Kuchi da Margai da Ungushi, da duk wanda muryarmu ta iske yana gona, ko yana shago, ko yana bisa hanyar Jega cikin mota. Yau zancenmu a kan kansila yake.

A wannan yanki namu ba a koya wa kowa sunayen manyan 'yan siyasa. Yaro ma ya san Aminu Waziri Tambuwal ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015, ya zama kakakinta a 2011, ya yi gwamna shekara takwas, sannan ya tafi Majalisar Dattawa a 2023. Shi kuwa kansila, sanin da muka yi masa ya ma fi wannan zurfi. Mun san gidan ubansa, mun san babur ɗin da yake hawa kafin a zaɓe shi, mun san masallacin da yake sallar Asuba. Abu guda ne yawancinmu ba mu sani ba: aikinsa. Tambayi mutum goma a bakin kasuwa me doka ta ɗora wa kansila, za ka ji ana cewa taimakon jama'a. Wane irin taimako? Nan zance yake tsayawa.

Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244, kowace mazaɓa da kansilanta guda. Tambuwal tana da goma sha ɗaya, kuma da yawansu garuruwa biyu aka gama wuri ɗaya: Dogon Daji da Salah, Jabo da Kagara, Faga da Alasan, Saida da Goshe, Barkeji da Nabaguda. Kebbe tana da goma, cikinsu akwai Fakku da Girkau da Sangi da Nasagudu. A ƙidayar 2006 mutanen Tambuwal sun haura 220,000, na Kebbe kuma sun kusa 125,000. Idan ka raba, kansila ɗaya a Tambuwal yana ɗauke da kimanin mutum 20,000 tun a wancan lokacin, balle yau da aka hayayyafa. Na Kebbe mutanensa ba su kai haka ba, amma ƙasarsa ta fi faɗi, ƙauyukan sun fi nisa da juna, ga daji, ga damina in ta sauka wata hanyar sai a ƙafa. Wannan gama garuruwa biyu da na ambata kuma yana da nasa rikicin. Idan kansila ya fito daga wannan gari, ɗaya garin yakan zuba ido ya ga ko za a juyo da kujerar wajensu a zaɓe na gaba, kuma sau da yawa wannan karɓa-karɓar da dattawa ke ƙullawa ta fi cancanta ƙarfi wajen tsai da ɗan takara.

Kujerar tana da tarihi. A zamanin En'e, majalisar Sarkin Musulmi tana da kansiloli masu kula da sassa kamar ilimi da lafiya da ayyuka, kuma Sardauna Ahmadu Bello kansa ya zauna a wannan majalisa kafin ya zama Firimiya. Amma waɗannan naɗa su ake yi. Kansilan da muka sani yau ya samo asali ne daga gyaran ƙananan hukumomi na 1976, lokacin mulkin soja na Janar Obasanjo, wanda ya shimfiɗa tsari iri ɗaya a duk Najeriya, ya janye ikon gudanarwa daga hannun sarakuna. Kada ku raina waɗannan kansilolin farko. Majalisunsu ne suka zaɓi mafi yawan wakilan da suka je majalisar tsara tsarin mulki a 1977, wadda Alhaji Shehu Shagari, maƙwabcinmu, ya zauna a cikinta kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Daga baya an yi zaɓen 1987 ba tare da jam'iyya ba, an yi na 1990 tsakanin SDP da NRC, inda aka yi ƙato bayan ƙato, kowa ya tsaya a layin wanda yake so rana tsaka. Dattawa suna tuna wannan. Sai na watan Disamba 1998, wanda INEC ta gudanar, kuma da sakamakonsa aka tantance jam'iyyun da suka shiga zaɓen 1999. Tun daga nan zaɓen kansila ya koma hannun jihohi.

To, a ce matashi ne a Romon Sarki ko a Girkau, yana son ya tsaya. Me ake buƙata?

Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya ce dole ƙananan hukumomi su kasance a hannun zaɓaɓɓu, ya kuma ce duk wanda ya cancanci ya yi zaɓe ko a zaɓe shi a majalisar dokokin jiha, yana da wannan haƙƙi a zaɓen ƙaramar hukuma. Shekarun shiga majalisar jiha kuwa an sauko da su daga 30 zuwa 25 a gyaran da aka yi a 2018. Ana son ilimi matakin sakandare ko makamancinsa, ana son sunanka a rajistar masu zaɓe, ana son jam'iyya ta tsai da kai, domin ba a takarar kai da kai a Najeriya. Idan ma'aikacin gwamnati ne kai, malamin firamare ko ma'aikacin asibiti, sai ka ajiye aiki kafin zaɓe. Rajistar ta INEC ce, katin zaɓen ma nata ne, amma mai buga takardar ƙuri'a, mai ƙirgawa, mai faɗin sakamako, hukumar zaɓe ce ta jiha, kuma gwamna ne ke naɗa shugabanninta da amincewar majalisar jiha. A Abuja kaɗai INEC ke gudanar da zaɓen kansiloli, a ƙananan hukumomi shida masu mazaɓu 62.

Wannan a takarda ke nan. A ƙasa kuwa hanyar ta fi haka tsawo. Ba a wayi gari a zama kansila. Yawanci mutum yakan fara ne da ɗaukar kujeru a wurin taro, ya zama ejan na akwati, ya riƙe shugaban matasa ko sakataren jam'iyya na mazaɓa, ya yi shekaru yana bin wani uban gida, ɗan majalisar jiha ko kwamishina ko ciyaman. Idan lokaci ya zo sai ya fara zagaye: gidan hakimi, gidan uban ƙasa, zauren liman, wurin 'yan kasuwa, majalisar matasa. Ya sai da buhunan gero ko ya jinginar da fadama ya sayi fom. Sannan a ce za a yi zaɓen fid da gwani.

Ku saurara da kyau, domin nan ne zuciyar zancen. A shekarar 2016, lokacin Gwamna Tambuwal yana APC, jam'iyyar APC ce ta mamaye zaɓen ƙananan hukumomin jihar nan. A 2018 ya koma PDP. Da aka yi zaɓe a watan Maris 2021, PDP ta kwashe ciyamomi 23 da kansiloli 244, APC kuwa ta ƙaurace. Mulki ya juya a 2023, Gwamna Ahmad Aliyu ya hau. Da aka yi zaɓe a watan Satumba 2024, APC ta kwashe 23 da 244, PDP ta ƙaurace. Mutanen Sanyinna ba su sake ba, mutanen Kuchi ba su yi ƙaura ba. Abin da ya sake shi ne mai zama gidan gwamnati. Kuma kada wani ya ce halin Sakkwato ne kawai; haka abin yake a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ke mulki. Ba na faɗin wannan don in zargi wani ɓangare, tunda duka biyun sun ci moriyarsa, duka biyun kuma sun yi kuka da shi.

Ma'anar wannan a wurinka, mai saurare, ita ce: ranar da ake zaɓen kansilanka ba ita ce ranar da ka ga an kawo akwati a makarantar firamare ba. An riga an gama tun ranar da shugabannin jam'iyya na mazaɓa suka zauna, ko ranar da aka kira masu ruwa da tsaki wani gida a Sakkwato aka ce an yi maslaha, wane ya janye wa wane. Maslaha a kan kanta ba aibu ba ce. Mu mutane ne masu son sulhu, kuma ta sha hana gaba tsakanin dangi. Aibun yana zuwa ne idan maslahar ta zama ɗauki-ɗora, aka kawo wanda mazaɓa ba ta sani ba aka ce shi ne. Irin wannan kansila ya san wanda ya ba shi kujera, kuma can zai riƙa kai gaisuwa. Wanda duk yake son ya sa baki a kan wanda zai wakilce shi, to ya shiga tun daga zaɓen shugabannin jam'iyya na mazaɓa, wanda yawancinmu muke bar wa 'yan tsiraru saboda muna ganin ɓata lokaci ne.

Yanzu an rantsar da shi. Mene ne aikinsa?

Da farko a raba kansila biyu, domin ana yawan gama su. Akwai zaɓaɓɓe, mai wakiltar mazaɓa. Akwai kuma na naɗi, wanda ake ba kula da sashe kamar noma ko lafiya ko ayyuka. Shi na naɗin ɗan majalisar zartarwar ciyaman ne, kamar yadda kwamishina yake ga gwamna. Zaɓaɓɓun su ne majalisar dokoki ta ƙaramar hukuma. Suna zaɓen shugaba daga cikinsu, suna da akawun majalisa, suna da zauren zama a sakatariya. Aikinsu su duba kasafin kuɗin da ciyaman ya kawo su amince ko su gyara, su yi ƙananan dokoki, su bi sawun kuɗin da aka ce an kashe, su kira shugaban sashe ya yi bayani idan an ga ba daidai ba.

Kuma abubuwan da tsarin mulki ya damƙa wa ƙaramar hukuma, a jadawalinsa na huɗu, su ne rayuwarmu ta yau da gobe. Kasuwa da tashar mota da kwata da makewayin jama'a. Maƙabarta. Kwashe shara. Ƙananan hanyoyi da magudanun ruwa. Rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Sannan tana da hannu a ilimin firamare da yaƙi da jahilci da kiwon lafiya da bunƙasa noma. Ka duba kasuwar Tambuwal ranar da take ci: kowace rumfa ana karɓar kuɗi, kowace dabba da ta shiga kara ana karɓa, kowace motar da ta yi lodin hatsi ko albasa ana karɓa. Nawa aka tara? Rasit nawa aka yanka? Nawa ya isa baitulmalin ƙaramar hukuma, nawa ya tsaya a aljihun masu karɓa? Wannan tambaya ce ta kansila, kuma yana da ikon yin ta a zauren majalisa a rubuta. Haka batun burtali da manoma suka cinye, wanda kan jawo faɗa da makiyaya lokacin kaka. Haka asibitin sha-ka-tafi da aka tura wa ma'aikaci amma ba a ganinsa sai ƙarshen wata. Haka ajin da iska ta yaye wa kwano tun bara. A yankunan Kebbe da ke iyaka da Zamfara da Kebbi, inda matsalar tsaro ta taɓa jama'a, kansila ba shi da bindiga ba shi da soja, amma shi da hakimi su ne suka fi kowa sanin ƙauyen da aka tasa da yawan mutanen da suka gudo, kuma rahotonsa na iya sa agaji ya isa inda ya dace.

Sai dai mu faɗi gaskiya a kan kanmu. Mu talakawa ba wannan muke tambayarsa ba. Tun kafin rana ta fito ƙofar gidansa ta cika. Wannan matarsa ta haihu babu ragon suna. Wannan an rubuta masa magani. Wannan ɗansa yana hannun 'yan sanda. Wannan kuɗin jarrabawa, wancan gudummawar biki. Ba na raina buƙatar kowa. Talauci gaskiya ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ku lissafa: albashin mutum ɗaya, mazaɓa mai mutum dubbai. Ko duka ya rabar, kwana nawa zai kai? Abin da ke biyo baya sananne ne. Wani ya sake lambar waya. Wani ya kama haya a Sakkwato, ba ya shigowa gari sai da dare. Wani kuma, wanda ya fi ba ni tsoro, ya je ya durƙusa gaban ciyaman yana neman ɗan abin da zai sallami mutane. To wanda ya karɓi na sallama a ofishin ciyaman ranar Litinin, da wane baki zai tambaye shi lissafin kasuwa ranar Laraba? Da hannunmu muke mai da mai sa ido ya koma maroƙi, sannan mu dawo muna cewa kansiloli ba su da amfani.

Su ma kansilolin suna da hujjar da suke kawowa, kuma ba ƙarya ba ce. Sukan ce: wane kasafi za mu duba, alhali kuɗin ba ya isowa? A rabon asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin ɗari, jihohi 26.72, gwamnatin tarayya 52.68. Amma sashe na 162 na tsarin mulki ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekara da shekaru ta nan kuɗin ke bi. A jihohi da dama, kafin kason wata ya iso sakatariya an cire albashin malamai, an cire na ayyukan haɗin gwiwa, an cire wannan an cire wancan, sai abin da ya rage. Ga kuma al'adar naɗa kantoma ko kwamitin riƙo idan wa'adi ya ƙare, wadda ke nufin babu zaɓaɓɓen kansila ko ɗaya na tsawon watanni, wani lokaci shekaru.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantoma, ta kuma ce ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba kada a ba ta kuɗi. Shi ya sa kuka ga jihohi sun yi ta rige-rigen shirya zaɓe a ƙarshen 2024. Aiwatar da hukuncin ya zo da jan ƙafa, wannan kowa ya gani. Amma ni a ganina akwai abin da ba a cika faɗa ba. Idan kuɗin ya fara sauka kai tsaye, ciyaman zai riƙe dukiyar da bai taɓa riƙe irinta ba, kuma waɗanda doka ta ajiye kusa da shi su ce masa tsaya su ne mutum goma sha ɗaya a Tambuwal, mutum goma a Kebbe. Idan waɗannan ba su iya karanta takardar kasafi ba, ko suna jin tsoron buɗe baki, to an ɗauke matsalar daga Sakkwato ne kawai an kawo ta kusa da gida.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wata hanya dabam. A Ƙonni ko Maraɗi, daga zaɓen 2004, jama'a kansiloli suka riƙa zaɓa, su kuma kansilolin su zaɓi magajin gari daga cikinsu, kuma suna iya sauke shi. Ka ga a can dole magajin gari ya saurare su. Su ma dai sojoji sun rushe majalisun a 2024, sun naɗa masu riƙo.

Wani abu da ya kamata mu ji kunyarsa: zauren kansiloli a wannan yanki kusan na maza ne zalla, alhali ranar zaɓe layin mata yakan fi tsawo, kuma abubuwan da majalisar ke tattaunawa, ruwan sha da awon ciki da rigakafi da makarantar yara, mata ne suka fi sanin zafinsu. Doka ba ta hana mace tsayawa ba. Ko ba a kai ga takara ba, babu abin da zai hana ƙungiyar matan unguwa ta aika wa kansila a rubuce cewa famfon burtsatse ya lalace tun watan jiya, su ajiye kwafi.

Wa'adi kuma gajere ne. Majalisar dokokin jiha ce ke yanka shi, kuma kafin mutum ya gama gane kan aiki an fara maganar wanda zai gaje shi. Daga nan hanya ta rabu. Kaɗan sukan haura, su zama mataimakin ciyaman, ko ciyaman, ko su nemi majalisar jiha. Wasu a ba su mai ba da shawara. Mafi yawa sukan koma gona da kasuwa, wasu da bashin da suka ci tun lokacin kamfe, suna bin kuɗin sallama da ba a biya ba. Matashin da ke saurarena yana ganin kansila hanyar kuɗi ce, ya je ya zauna da tsofaffin kansilolin garinsu biyu ko uku kafin ya jinginar da gonar gado. Wanda kuma ya shiga da sana'arsa a hannu, ya fi iya cewa a'a idan aka kawo masa takarda ya sa hannu ba tare da ya karanta ba.

Ga mai zaɓe kuwa, idan kansilanku ya zo ta'aziyya ko ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha ku ja shi gefe cikin mutunci. Ranka ya daɗe, yaushe majalisarku ta zauna zaman ƙarshe? Me aka sa wa mazaɓarmu a kasafin bana? Wa aka ba kwangilar kwalbatin nan, nawa ne kuɗinta? Idan ya sani zai faɗa, kuma zai ji daɗi an tambaye shi abin da ya shafi aikinsa. Idan bai sani ba, zai koma sakatariya ya tambaya, domin ya san za ku sake tare shi. Akwai ma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan takardu a rubuce, kuma ƙungiyoyin ci gaban gari da na ɗalibai sun fi mutum ɗaya ƙarfin bin ta. Wanda ya kai shekara 18 bai yi rajista ba, ko ya yi aure ko ƙaura katinsa yana wata mazaɓa, ya je ofishin INEC na Tambuwal ko na Kebbe idan an buɗe rajista a mai da shi inda yake zaune, domin ba a zaɓen kansilan Bagida da katin Jabo.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki takardar kasafin kuɗin ƙaramar hukuma mu bi ta layi-layi, mu ga inda ake rubuta albashi da inda ake rubuta ayyuka. Mai tambaya ya aiko mana.